Daren bingo, da jam ɗin da na dafa wa tsofaffin ƙauyenmu

Aikina a Ingila kula da tsofaffi ne a gidajensu: in shiga da safe in taimaka wa mutum ya yi wanka, in ba shi magani, in haɗa masa karin kumallo, in wuce gida na gaba. Muna zaune a wani ƙauye na Yorkshire da ke kwarin kogin Aire, tsakanin Keighley da Skipton, inda da can masaƙun ulu ne ke riƙe da kowa. Masaƙun sun daɗe da rufewa, wasu an mai da su gidajen haya, amma waɗanda suka yi aiki a cikinsu suna nan, 'yan shekara tamanin da ɗoriya, yawancinsu kowa shi kaɗai a gidansa. A bakinsu na fara jin zancen bingo, wasan da ake kiran lambobi kowa yana duba ko suna cikin takardarsa. Tun Litinin za a fara yi mini lissafin Alhamis: a wanke mini rigar nan, a duba mini batirin na'urar ji, kada ki manta Alhamis da wuri zan ci abincin dare. Ɗaya daga cikinsu ce ta gaya mini ana neman mai taimako a zauren da ake wasan, domin an yi wa wata mai aikin sa-kai tiyatar gwiwa.

Abin da ya fara zuwa raina shi ne caca, kuma ba zargi ba ne. Bingo babban kasuwanci ne a Birtaniya tun bayan dokar 1960 da ta halatta shi, lokacin da aka riƙa mai da tsofaffin gidajen sinima zaurukan wasa. Mutum ya sayi tikiti, a tara kuɗin, wani ya kwashe. Wannan ba ya buƙatar fatawa, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta gama magana. Hatta ƙananan zaurukan unguwa da ke yi don tara kuɗin agaji, yawanci sayar da tikiti suke yi, kuma dokar caca ta 2005 ta ba su dama ba tare da lasisi ba, muddin abin da mutum zai biya bai wuce fam 8 ba, kyaututtukan daren kuma ba su haura fam 600 ba. Don haka ranar da na je ganin shugabar kwamitin zauren, tambayata ta farko ita ce nawa ake biya.

Ta ce ko sisi. Zauren tsohon ɗakin karatun Lahadi ne na cocin Methodist, kuma mabiya wannan ɗarika sun daɗe da ƙyamar giya da caca. Da ginin ya koma hannun jama'ar ƙauye, dattawan kwamitin da suka tashi a cikin cocin suka kafe a kan ba za a sayar da tikiti ba, ba za a shigo da kwalba ba. Tikiti kyauta, shayi kyauta, abin da ake ci kuma kayan da mutane suka kawo ne don Allah. Na fara yi mata bayanin dalilin tambayata ina ta kewaye-kewaye, ta katse ni, ta ce mahaifinta ko karta bai yarda a shigo masa da ita gida ba. Duk da haka sai da maigidana ya tambayi wani malami a Bradford bayan sallar Juma'a. Amsar da ya kawo mini ita ce, in babu wanda ya zuba kuɗinsa, babu wanda zai yi asara don wani ya samu, to kyauta ce ake rabawa ta hanyar ƙuri'a. Na san akwai waɗanda za su fi son a nisanci abin gaba ɗaya, kuma ban ga laifinsu ba. Ni dai a nan na tsaya, kuma aiki nake zuwa yi, ba na riƙe tikiti.

Shiga ba ta ɗauki lokaci ba. Takardar tantancewa da ake nema ga mai hulɗa da tsofaffi ina da ita ta wurin aiki. Aka nuna mini ƙofofin fita in gobara ta tashi, da akwatin agajin gaggawa, da inda ake ɓoye makullin kicin, aka rubuta sunana a jadawali.

Wasan kansa ba shi da wuyar koyo. Ƙwallaye 90 ne, kowace da lambarta, mai kira yana fito da su ɗaya bayan ɗaya yana faɗin lambar, wanda ke da ita a tikitinsa ya danna mata alƙalami. Tikiti yana da layi uku a kwance, kowane layi gida tara, amma gida biyar ne kawai ke da lamba, huɗun fanko ne, ke nan lamba 15 a tikiti. Gidajen kuma a tsare suke: na farko 1 zuwa 9, na biyu 10 zuwa 19, haka har na ƙarshe mai ɗauke da 80 zuwa 90. Shi ya sa gwana ba ta laluben tikitin duka, da an kira 47 idonta ya faɗa gida na biyar. Shafi guda tikiti shida ne a jere, kuma an tsara shi yadda kowace lamba daga 1 zuwa 90 za ta fito sau ɗaya tak. Mai riƙe da cikakken shafi, duk lambar da aka kira tana da ita a wani wuri. In ta ga ba ta danna komai ba, to wuce ta aka yi. A kowane zagaye ci uku ne: wanda ya fara cika layi ɗaya, sai layi biyu, sai wanda ya cika tikitin duka, shi ne babban ci, wanda suke kira gida.

Ni aikina tsakanin tebura ne. In wani ya ɗaga murya ya ce ya ci, in je in karɓi tikitinsa, in karanto lambobin da ƙarfi, mai kira yana duba ƙwallayen da suka fito, in sun dace in miƙa kyauta. Sauran lokacin kuwa ina kusa da waɗanda idonsu ko hannunsu ya gaza.

Zancen jam, wato 'ya'yan itacen da ake dafawa da sukari har su yi kauri a riƙa shafawa a burodi, daga teburin kyauta ya taso. Abin da ake jerawa ba wani abin a-zo-a-gani ba ne: biskit, sabulun wanka, safa, ganyen shayi, gwangwanin kifi. Zuwa ƙarshen Agusta teburin ya tsiyace. Akwai wani gwangwanin wake mai lotsewa a gefe da na gane yana ta dawowa, duk wanda ya ci shi sai ya sake kawo shi mako mai zuwa. Shugabar ta ce a al'ada watan Satumba jam ne ke cika teburin, kuma mai ciwon gwiwar nan ce ke dafawa duk shekara. Da aka kira ta a waya ta ce ita da shiga ƙaya sai baɗi in da rai, amma in akwai mai ɗibo 'ya'yan bilakberi, kicin ɗinta a buɗe yake, za ta zauna a kujera ta ba da umarni. Kowa a ƙauyen da sunanta yake kiranta, har yara. Ni bakina bai iya ba, Anti nake ce mata, ta kuma amsa.

Bilakberi ɗan itace ne baƙi wuluk in ya nuna, girman kan babban yatsa, haɗe da ƙananan ƙwayoyi masu ruwa, kowace da ɗan iri a ciki. Ba shuka shi ake yi ba. Sarƙaƙiya ce mai ƙaya da ke fitowa da kanta a jikin shinge, a gefen layin dogo, a duk inda aka bar fili ba kulawa, manoma har yaƙi suke yi da ita. Anti ta tura ni bakin hanyar ruwan da aka haƙa daga Leeds zuwa Liverpool, mai tsawon mil 127, wadda aka kammala a 1816 kuma ta ratsa ta kusa da ƙauyenmu. A gefenta akwai 'yar hanyar da dawakai ke bi a da suna jan jiragen gawayi da ulu, yanzu ta zama ta masu tattaki da masu keke, kuma sarƙaƙiyar ta cika ta. Na tambaya ko sai da izini. Dokar sata ta 1968 ta fayyace cewa wanda ya tsinki 'ya'yan itacen da suka fito da kansu bai yi sata ba, sai fa in don sayarwa ya ɗiba. Namu na rabo ne.

Sharuɗɗan da ta gindaya mini na riƙe su kamar karatu. Kada in tsinki na ƙasa da gwiwa, saboda karnuka. Kada in tsinki na bakin titin mota. In sa riga mai dogon hannu mai kauri, domin ban da ƙayar akwai wani ganye mai ƙaiƙayi da ke fitowa tare da ita, yana taɓa fata sai wurin ya tashi. Ta ba ni tsohuwar sandarta mai lanƙwasa, ta janyo reshen sama, domin masu kyan kullum suna can inda hannu ba ya kaiwa. Ta kuma ce in tafi da roba mai faɗi, ba bokiti mai zurfi ba, in ba haka ba na ƙasa su mutstsuke kafin in iso gida.

Sai da na fara na gane sauran. Nunanne da ka taɓa shi yake biyo hannu. In sai ka ja, bai kai ba, ko da ya yi baƙi. Wanda ke can ƙarshen tsagin shi ke fara nuna, shi ne kuma mafi girma da zaƙi. In ka juya gindinsa ka ga cibiyar fara fes, lafiyayye ne. In ta yi ruwan ƙasa, akwai tsutsa a ciki, a jefar. Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne daji biyu kusa da juna, ɗaya zaƙi, ɗaya tsami har da ɗan ɗaci. Ashe irinsa ya haura 300 a Birtaniya, kuma a ido duk ɗaya ne, don haka kafin ka tsaya a kan daji sai ka ɗanɗana. Anti ta ce in haɗa da 'yan kaɗan masu ja-ja da ba su gama nuna ba, su ne ke taimaka wa jam ya kama. Hannuna kuwa ya sha yaga, yatsu suka rine, har 'yata ta ɗauka yankewa na yi. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Lokacin ma ƙayyadadde ne, daga tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen Satumba. Tsofaffin suna cewa bayan kwana goman farko na Oktoba Shaiɗan ya tofa wa 'ya'yan yawu, ba a ci. Suna faɗa suna dariya, amma ba wanda ke tsinka. Gaskiyar abin dai ita ce sanyi da laima sun shigo a lokacin, 'ya'yan sun yi lagwada, funfuna ta kama su.

A kicin ɗin Anti, farkon abin da aka yi shi ne jiƙa su a ruwan sanyi da ɗan gishiri. Cikin 'yan mintuna ƙananan tsutsotsi farare suka taso. Na tace, na ɗauraye a hankali, na baza a kan tawul. Awon tukunya ɗaya: bilakberi kilo 1, tuffar girki rabin kilo bayan an fere an cire cibiya, sukari kilo 1 da rabi, ruwan lemon tsami babba guda ɗaya, da ruwa kamar rabin kofi. Na ce me zai hana mu zuba duka a tukunya ɗaya mu huta, tunda tukunyar tana da girma. Ta ce, "Ke, 'yata, jam ba ya son taro." In ya yi yawa yana daɗewa kafin ya kai, launin ya dushe, ƙamshin ya gudu. Tukunya-tukunya muka yi.

Tuffar ba don ɗanɗano kawai ake sa ta ba. Abin da ke sa jam ya daskare wani sinadari ne da ke cikin jikin 'ya'yan itace, fektin. Dafuwa ce ke fito da shi, tsami ke sa zarurrukansa su kama juna, sukari kuma ya janye ruwan da ke tsakaninsu, sai su zama raga mai riƙe komai. In ɗaya daga cikin ukun nan ya gaza, ruwan zaƙi za ka samu. Nunannen bilakberi ba shi da fektin da yawa, tuffa mai tsami kuwa cike take da shi. Irin da ake amfani da shi sunansa Bramley, koriya ce babba, ba ta ciwuwa ɗanya don tsami, amma da ta ji wuta sai ta narke ta zama kumfa-kumfa. Duk bishiyoyinta daga uwa ɗaya suka samo asali, wadda wata yarinya ta shuka a garin Southwell a 1809. Tamu daga bishiyar maƙwabcin Anti ta fito. A wannan watan mutane kan jera tuffa a kwali a ƙofar gida su rubuta a ɗiba.

Tuffar na fara dafawa da ruwan, da ta fara saki na zuba bilakberi da lemon tsami, a wuta kaɗan, har komai ya yi laushi ya saki ruwansa. Sukari ba ya shiga sai an kai nan, domin in ya riga shiga yana taurara ɓawon, kuma ba ya sake laushi komai daɗewarsa a wuta.

A nan ne Anti ta sa ni aikin da ya fi kowane cin rai. Ta ce in sauke, in tace duka ta rariya, ina murzawa da bayan ludayi har sai irin kaɗai ya rage. Na ce ai na ga na kanti da irinsa a ciki. Ba ta ce komai ba, ta sa yatsa ta ƙwanƙwasa haƙoranta na sama. Na roba ne. Kusan duk waɗanda za su ci jam ɗin haka suke, kuma ɗan irin nan in ya shige tsakanin roba da dasashi, mutum ya bar cin abinci ke nan sai ya je ya cire ya wanke. Ni da nake wanke haƙoran nan kullum a wurin aiki, sai na ja bakina na yi ta murza. Tacewar tana rage nauyi, don haka muka sake aunawa, muka daidaita sukarin da nauyin abin da ya fito.

Ganin tulin sukarin sai da na ce ko a rage, tunda akwai masu ciwon sukari a zauren. Ta ce a'a. Sukarin shi ne ke hana shi lalacewa, yana ƙwace ruwan da funfuna ke buƙata ta rayu. Dokar Ingila ma ba ta yarda a sayar da abu da sunan jam kawai ba sai sukarin da ke cikinsa ya kai kashi 60 cikin ɗari. Wanda aka rage wa sukari na firij ne, na 'yan makonni, kuma ita ta san mutanenta, sai su ajiye kwalba a kabad har Kirsimeti. Masu ciwon sukari a ba su sabulu.

Ana zuba sukarin wuta tana ƙasa, ana juyawa da cokalin katako har sai ba ka jin ƙurus-ƙurus a gindin tukunya. Sannan a buɗe wuta gaba ɗaya. Tafasar da ake nema ita ce wadda ko ka juya ba ta kwantawa, shi ya sa tukunyar ba ta wuce rabi da kaya, don yana tasowa sosai, kuma in ya fantsamo a fata yana mannewa. Kumfa mai ruwan hoda tana taruwa a gefe, a kwashe da cokali. Wasu kan jefa ɗan man shanu ya kashe kumfar, mu ba mu sa ba, don kada sai mun rubuta madara a jikin kwalba.

Yayin da yake tafasa Anti take ba ni labari. A cikin yaƙin duniya na biyu aka haife ta, kuma sukari da katin rabon abinci ake sayensa tun 1940, ba a saki ba sai Satumbar 1953. Mahaifiyarta tana cikin ƙungiyar matan karkara ta Women's Institute, wadda gwamnati ta riƙa ba sukari na musamman a lokacin yaƙin don matan su taru a zaurukan ƙauye su dafa jam, kada 'ya'yan itace su ruɓe a banza. Wanda suka dafa ba nasu ba ne, cikin rabon abinci na ƙasa yake shiga. Ta ce 'yan makaranta ake kora daji tsinko, kuma har yau in ta ga bilakberi yana zuba a ƙasa ba mai ɗiba, ranta ɓaci yake yi.

Jam yana kaiwa ne a wajen digiri 105. Akwai ma'aunin zafi a kicin ɗin, amma ita da faranti ta yarda. Tun kafin a kunna wuta ta sa na jefa ƙananan faranti a firiza. Da tafasar ta yi kamar minti goma, sautinta ya sauya, daga shuuu ya koma fal-fal mai nauyi, sai ta ce in sauke tukunyar daga wuta tukuna, in ɗiga cokali ɗaya a farantin mai sanyi, in jira minti guda, in tura da ɗan yatsa. In ya gudu ya koma ya haɗe, a mai da wuta na minti biyu a sake gwadawa. In saman ya tattare ya yi 'yan tamoji a gaban yatsa, hanyar da yatsan ya bi kuma ta tsaya a buɗe, ya kai. Sauke tukunyar yayin gwaji ba ƙaramin abu ba ne, don minti biyun da za ka yi kana kallon faranti sun isa su mai da shi alewa.

Kwalaben tsofaffi ne da jama'a suka tara, murafen ne sababbi. An wanke su da ruwan zafi da sabulu, an jera su a oben mai zafin digiri 140 na kwata ɗin awa, don a zuba jam mai zafi a kwalba mai zafi. In kwalbar da sanyi tana iya fashewa. Da mazurari mai faɗin baki na cika kowace har kusa da baki, na goge, na ɗaure murfi nan take. Suna hucewa muna jin murafen suna ɓas, ɓas, ɗaya bayan ɗaya, alamar iska ta janye sun kama. A jikin kowace na rubuta abin da ke ciki da ranar dafawa, da manyan haruffa.

Da dare na nuna wa Umma kwalbar a kiran bidiyo, na yi mata bayanin yadda aka yi. Ta saurara har na gama, ta ce, "To ke da kika tafi har Ingila, ashe maɗin ɗinya kika je koyo." Na ce, "Umma, wannan a burodi ake shafawa." Ta ce Allah ya ba da lada.

Ranar Alhamis tun biyar da rabi muna zauren. Jan tebura, barin hanya mai faɗi don masu keken dogarawa, kunna tukunyar shayi ta lantarki, wadda sai ta yi kusan awa kafin ta tafasa. Kowa da mazauninsa, ba a rubuce ba amma kowa ya sani, kuma baƙon da ya zauna a kujerar wata sai an lallaɓa shi ya matsa. Masu raunin ido a ba su tikiti mai manyan lambobi. Masu raunin ji a gaba suke zama, kuma suna da yawa, domin ƙarar injin saƙa ta cinye musu kunne tun suna 'yan mata. A masaƙa suka koyi karanta leɓe, don haka mai kira ba ya sunkuyar da kai, ba ya kuma rufe bakinsa da makirufo.

A bakin ƙofa akwai littafi, duk wanda ya shigo a yi masa alama. Da farko na ɗauka don gobara ne. Kafin a fara wasa shugabar takan bi sunayen da yatsa, duk wanda bai zo ba kuma bai aiko da saƙo ba, a buga masa waya; in bai ɗauka ba, wani ya biya ta gidansa. Mu mun saba cewa Turawa ba su da zumunci. Abin da na gani shi ne a nan ba a shiga gidan mutum da sallama kawai, sai da dalili, ko maƙwabcinka ne na shekara talatin. To sai suka ƙirƙiri dalilin, suka sa masa rana da lokaci da mai riƙe littafi. Ba na cewa ya kai namu daɗi, mutum ya yi kwana shida ba wanda ya leƙo shi ba abin yabo ba ne. Amma wanda bai zo Alhamis ba, ba zai kwana ba a san halin da yake ciki ba, kuma a daren nan kujerar wani dattijo tsohon direban bas ce babu kowa.

Shida da rabi mai kira ya ce kowa ido a takarda, zauren ya yi tsit. Tsohon malamin makaranta ne, yana juya kejin ƙarfe da hannu, ƙwallo ta faɗo, ya ɗaga ta. Kowace lamba sai ya rarrabe ta: huɗu da bakwai, arba'in da bakwai, saboda a Turanci sha biyar da hamsin, sha shida da sittin, kusan sauti ɗaya ne a kunnen da ya gaji. Wasu lambobin kuma suna da kirari, jama'a na amsawa. 22 agwagi biyu ne, zauren duka ya ɗauki kukan agwagwa. 11 ƙafafu ne, tsofaffin maza su yi fito. 88 mata biyu masu ƙiba, kuma akwai aminai biyu a tebur na gaba da kullum sai sun ɗaga hannu. 9 umarnin likita, daga wata ƙwayar wankin ciki mai lamba 9 da likitocin soja ke bayarwa. 21 makullin ƙofa, shekarun da ake ɗaukar mutum ya mallaki hankalin kansa a da. 10 kuwa gidan firaminista ne a titin Downing, kuma da sunan firaminista mai ci ake kira. Ya ce a 2022 sai da ya sauya sunan har sau biyu, don mutum uku suka zauna a gidan a shekara ɗaya.

Ni ina gefen wata da hannunta ke rawa. Ba na danna mata, ba ta so. Ina dafe mata takardar kada ta zame, in lambar ta wuce ta in sa yatsa kusa da gidan, ita ta sauke alƙalamin mai kauri da kanta. Ƙa'ida ce cewa dole ka yi magana kafin a kira lamba ta gaba, in ka makara ci ya wuce ka, kuma a kan wannan ba sa raga wa juna ko kaɗan, ko da a kan sabulu ne. Shi ya sa idona ke kan takardun masu jinkiri, in na ga saura ɗaya sai in matsa kusa.

Jam ɗin ga masu cika gida aka ware shi. Wadda ta fara ci ba ta karɓa kai tsaye ba. Ta ɗaga kwalbar saitin fitila, ta karkata ta ta ga ko zai motsa, ta tambaya wa ya dafa. Aka nuna ni. Ta tambaya an tace? Na ce an tace. Sai ta buɗe jakarta ta saka. Daga nan wasan ya yi zafi, har mai kira ya ce a daina yi masa ihu a kan ya girgiza kejin da kyau.

Hutun shayi ya zo daidai faɗuwar rana, wadda a tsakiyar Satumba takan kama bakwai da 'yan mintuna a nan. Lokacin ne aiki ya fi yawa, kofi ya fi talatin, kowa da yadda yake son madararsa, don haka sai da aka koma zagaye na biyu na shige ɗakin ajiyar kujeru na yi magariba, wata ta riƙe mini tebura. A hutun ne kuma ake musaya: mai ciwon sukari da ya ci jam ya ba da shi ya karɓi safa, wata ta ba da biskit biyu a kan kwalba ɗaya. Gwangwanin waken nan ma ya samu mai shi.

Takwas da rabi aka tashi. Wanke kofuna, naɗe tebura, share ɗigon tawada, raka masu jiran mota. Wanda aka tura gidan direban bas ya dawo ya ce lafiyarsa ƙalau, barci ne ya kwashe shi a kujera gaban talabijin, na'urar jinsa kuma tana kan tebur, yana ta faɗa don ba a tashe shi da wuri ba. Shugabar ta ɗauki kwalba ɗaya daga biyun da suka rage ta ce a kai masa, ɗayar kuma ta Anti ce. Ta yi shela a ƙofa cewa duk wanda ya cinye ya dawo da kwalbar a wanke. Sannan ta buɗe jadawali ta ce mini a watan Janairu lemon Seville mai ɗaci ke shigowa daga Sifen, 'yan makonni kawai yake yi a kasuwa, da shi ake dafa irin jam ɗin da ake yanka ɓawon siriri-siriri a ciki, kuma Anti ta riga ta ce in zo da wuƙata mai kaifi.